Ni Na Kai Malam Hamisu Tasha

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Hamisu Toranke ya rasu.

Da safen nan ina shirin fita makaranta hedimastanmu ya kira ni. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Nasiru, Amigo fa babu." Na ce wane Amigo? Kamar dai akwai wani. Ya ce ciwon ƙirji ne na kwana uku, an ce a kai shi asibiti ya ce a bar shi. Da asuba ya cika.

Mun kai shi da hantsi. Yanzu na dawo Gaya.

Tun a hanya nake ganin hotonsa yana yawo a intanet, ana rubuta mutumin kirki, mai haƙuri, bai da abokin faɗa. Duk gaskiya ne. Amma wasu daga cikin masu rubutawar na san irin dariyar da suka yi masa, domin tare muka yi ta. Shi ya sa zan faɗi abin da ya faru. Mai son ya zage ni a ƙasa, ga fili nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba: malamin Turanci ne a makarantar da nake koyarwa a nan Gaya. Ya girme ni da fiye da shekara goma. Kullum daga Toranke yake tahowa a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi.

Yana saurayi ya bi ta sahara ya tsallaka Sifaniya. Shekara goma sha uku ya yi a can yana aikin gonar tumatir. Ya auri wata 'yar ƙasar, auren masallaci wanda hukuma ba ta san da shi ba, suka haifi 'ya mace. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, Maryam, don haka Ummi yake ce mata. Tana shekara huɗu aka kama shi ba takarda, aka sako shi a jirgi da kayan jikinsa. Matar ta ci gaba da ɗaukar waya na ɗan lokaci, daga baya ta canja lamba.

Shi ke nan. Ya dawo da Sifaniyanci a baki, aka laƙa masa Amigo, wato aboki, ya amsa.

Satina na farko a makarantar 'yan aji uku suka raina ni, ina magana suna buga benci. Washegari sai na ga Malam Hamisu a kujerar baya da littafi a hannu, wai ya zo ya koyi lissafi a wajena. Sati biyu yana zama a wajen. Aji ya yi tsit.

Da mahaifina ya kwanta a asibiti a Kano, shi ya riƙe mini ajina wata guda, har makin jarrabawa. Da na dawo ina godiya ya ce, "Ƙanena, bar wannan. Ya jikin Baba?"

Duk kaka sai ya ɗauro mini ɗanyar gyaɗa a bayan babur.

Wannan shi ne mutumin.

Muna da majalisa a ƙofar shagon Sabo mai gyaran waya, bayan la'asar. Malam Hamisu ba ɗan majalisar ba ne, amma duk Juma'a yakan tsaya ya roƙi Sabo ya ƙara duba masa intanet ko sunan 'yar zai fito. Ta haka Sabo ya san sunanta, da sunan uwarta, da garin da suka zauna, har da kalar ƙofar gidan.

Wata rana bayan ya tafi Sabo ya ce, "Wallahi mutumin nan ko akuya ce ta turo masa saƙo da Sifaniyanci zai ce Ummi ce." Aka yi dariya. Wani ya ce a gwada mana.

Sabo ya san yadda ake samun lambar waya ta wata ƙasa. Ya tsinto hoton wata budurwa a intanet ya ɗora. Ya rubuta da Hausa, manhajar fassara ta juya masa: Baba, ni ce Maryam, na daɗe ina nemanka. Kar ka kira, mamana ba ta sani ba, rubutu kawai.

Ina zaune a wajen. Kafaɗar Sabo nake leƙawa lokacin da ya tura.

Ranar Litinin Malam Hamisu ya shigo ofishin malamai da waya a hannu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da hoton. "Ku duba hancin nan. Hancin Innata ne sak." Da ya zo kaina ya riƙe mini hannu ya ce, "Ƙanena, Allah ya ji kukana."

Na ce masa barka.

A raina na ce kwana biyu ne za a gaya masa a yi dariya a wuce. Wata biyar aka yi.

Abin da ya ja shi ya yi tsawo, ni ne. Sabo ya fara rasa abin rubutawa, ga tsoron kar fassarar ta tona mu, domin Malam ya fara cewa Sifaniyancin yarinyar wani iri ne, ko na 'yan zamani ne. Sai na ba da shawara a ce tana shan wahalar Turanci a makaranta, tana son babanta ya riƙa koya mata. Ita saƙonta gajere, shi ya yi ta zuba. Duk sati nakan zaɓo kalma ɗaya daga littafin 'yan aji uku in ba Sabo.

Ban taɓa ganin malami ya shirya darasi yadda yake shirya waɗannan ba. Ya sayi sabon littafi saboda su. Sai ya rubuta, ya karanta, ya yage, ya sake.

Wani sati na zaɓo *soften*. Ba don komai ba, ita idona ya fara faɗawa a kai.

Ranar Laraba ya tsare ni lokacin hutun tara, wai zai gwada darasin a kaina tukuna. Ya ce abu na farko, harafin t ɗin nan na tsakiya ba a faɗinsa, "sofin" ake cewa, kuma ya san Ummi za ta faɗe shi, domin su a yarensu duk harafin da aka rubuta kusan sai an furta shi. Na biyu, daga *soft* ta fito, wato mai laushi, in aka ƙara mata wutsiya sai ta koma aiki. Na uku, hanya biyu take bi: kai ka tausasa abu, ko abin ya yi laushi da kansa, duk ita ce ba ta canjawa. Ya ce su mutanen Sifaniya kalma biyu gare su a nan, *ablandar* in abu mai tauri ne ya saki, *suavizar* in mai kaushi ne ya yi santsi, amma Bature ya haɗe su a baki ɗaya. "A nan za ta ruɗe," in ji shi. "Sai ta gani da idonta."

Ya roƙe ni in bi shi Toranke ranar Asabar in riƙe masa waya, bidiyo yake son yi mata.

Na bi shi.

Gidansu gidan majema ne tun asali, ko da yake an daina jimar tun yana yaro. A bayan gidan akwai wani faffaɗan dutse da tsakiyarsa ya lotsa ya yi sumul. Ya ce kakan kakansa ne ya kafa shi tun Turawa ba su zo ba, a kai ake bugun fata bayan an tsamo ta daga ruwan bagaruwa, fatake su saya su bi sahara da ita. Ya yi dariya ya ce, "Ka ga fatun gidanmu sun riga ni zuwa can. Su ba a koro su ba."

Ya sa farar riga mai guga. Ya samo busasshiyar fatar akuya, ya ƙwanƙwasa ta a gaban waya ta yi ƙara kamar kwano. Ya shafa mata mai ya yi ta murza ta a kan dutsen, gumi yana ɗiga, yana bayani da Sifaniyanci yana jefa Turanci. Ya nuna wake da aka jiƙa tun safe, ya matse ƙwaya ɗaya da yatsa. Ya ɗebo ƙasar gindin randa. A ƙarshe ya goge hannu ya matso kusa, ya faɗi wata jimla a hankali sau biyu. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce misali ne na ƙarshe, cewa zuciya ma ana faɗa mata kalmar: wata rana zuciyar mamanki za ta yi laushi.

Yayarsa, Yaya Hajara, wadda yake zaune tare da ita tun rasuwar mijinta, ta kawo mana fura. Ta ce, "Malam Nasiru, Allah ya saka da alheri. Tun da yarinyar nan ta ɓullo ɗan'uwana ya fara cin abinci."

Na sha furar.

Kafin in iso Gaya bidiyon da ya tura wa Ummi ya riga ni zuwa wayar Sabo. Na tarar ana kallo ana riƙe ciki. Wani ya tashi yana murza hularsa a kan benci yana "sofin, sofin". Daga ranar suka koma kiransa Malam Sofin a bayan idonsa. An tura wa wasu, wasu suka tura wa wasu.

Kar wani ya ce ban yi dariya ba. Na yi.

Ana saura sati uku babbar salla Sabo ya ce wasan ya fara gundurarsa, a yi masa ƙarshe mai daɗi. Ya rubuta cewa uwar ta sauko, ta yarda, Ummi za ta zo hutu ita da wata ƙanwar uwar, jirginsu zai sauka Kano ranar Alhamis da azahar.

Na ce, "Sabo, wannan ya yi yawa." Ya ce, "To je ka gaya masa mana. Ka fara da wanda yake zaɓo kalmomin." Iyakar ƙoƙarin da na yi ke nan.

Malam ya yi wa ɗaki ɗaya sabon yaɓe, ya shafa shuɗin fenti, wai kalar ƙofarsu ta can. Ya sa gidan sauro da labule. Ya haƙa sabon banɗaki ya yi masa murfi. Ya koya wa Yaya Hajara yadda ake cewa sannu da zuwa da Sifaniyanci, ta yi ta maimaitawa tana tankaɗe.

Ranar Alhamis da sassafe babur ɗinsa ya ƙi tashi a bakin makaranta. Ya ce, "Ƙanena, taimaka ka miƙa ni tasha kar in makara."

Na goya shi. Yana bayana da leda a cinya, ƙaramin mayafi ne a ciki da ya saya mata. Tafiyar ba ta fi minti biyar ba. Sau uku na buɗe baki zan gaya masa, na fasa. Ya sauka, ya gyara hula, ya ce in duba masa ko rigar ta yamutse a baya. Na ce ba ta yamutse ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Yini ya yi a filin jirgi da kwali a hannu an rubuta MARYAM. Duk jirgin da ya sauka sai ya matsa gaba. Da ma'aikatan suka gaji da tambayarsa suka ce ya koma waje. Sabo ya kashe lambar tun azahar. A masallacin wajen ya kwana, ya ƙara yini, ko an ɗaga tafiyar ne.

Ranar Asabar bayan la'asar ya zo shagon Sabo, ko gida bai je ba, ledar tana hannunsa. So yake a duba masa ko wani abu ya sami jirgin. Ta bayan rumfa ya ɓullo, ba wanda ya gan shi. Mu kuwa an sake kunna bidiyon dutsen saboda wani baƙo da bai gani ba, an ƙure murya.

Muryarsa ya fara ji. Sannan dariyarmu.

Ya yi sallama. Ya miƙa hannu, Sabo ya ba shi wayar. Ya tsaya a tsaye ya bi saƙonnin tun daga na farko, yana ja da yatsa a hankali. Ya ga Hausar da ake rubutawa kafin a juya. Ya ga inda nake turo kalmomin, da sunana a sama.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Bai dubi Sabo ba. Ni ya duba.

Ya ce, "Hoton fa? 'Yar waye?"

Sabo ya ce bai sani ba, a intanet ya gani.

Ya gyaɗa kai ya tafi. Bai sake taka makarantar ba. Ya kashe wayarsa ya jefa a akwati. Yara a Gaya suka samu abin yi, in ya shigo kasuwa sai a bi shi da "sofin", har ya daina shigowa.

Shekara ɗaya da rabi ban iya zuwa ba. Sai daminar da ta wuce na daure na je. Na same shi a gonarsu ta hanyar Gafasa yana noman gero shi kaɗai. Ya rame, gemun ya yi fari. Na durƙusa a cikin kunya na ce, "Yaya Hamisu, na zo neman gafara."

Ya ci gaba da noma har ya kai ƙarshen kunyar, ya dawo. Ya dogara da fartanya.

Ya ce, "Sabo ban san shi ba, gyaran waya ya haɗa mu. Shi na yafe masa."

Na jira.

Ya ce, "Kai ka riƙe mini waya. Kai ka kai ni tasha. Na tambaye ka ko rigata ta yamutse."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Malam Nasiru, ka je. In na iya zan aiko maka."

Ranar ce kaɗai ya taɓa kirana da sunana. Bai aiko ba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, sai yau da na ga an fito da shi a makara.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ban rubuta komai ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ana zaune a ƙofar gida, aka ce Yaya Hajara tana kirana a zaure. Na shiga na durƙusa na yi mata gaisuwa. Wayarta ce a hannunta, irin ƙaramar nan mai madannai.

Ta ce wata biyu da suka wuce wani mutum ya kira ta da lambar waje. Bahaushe ne, ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Hamisu a can, ya sha wuya kafin ya samo lambarta. Ya ce Maryam ta cika shekara sha takwas, ta zo har inda yake aiki tana tambayar ubanta, ga ta a kusa da shi. Yaya Hajara ta ruga ta kai masa wayar. Ya ƙi karɓa. Ta ƙara murya ta ajiye a gabansa, wata yarinya ta yi ta magana tana kuka. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya ce, "Yanzu kuma har mace suka samo. Ki gaya wa Nasiru wasan ya isa haka."

Sau huɗu suna kira. Ko sau ɗaya bai tsaya ya saurara ba.

Ta dube ni ta ce, "Malam Nasiru, gawarsa ko sanyi ba ta yi ba. Tsakaninka da Allah, wannan karon ma ku ne?"

Na ce, "Wallahi Yaya ba mu ba ne."

Ta ce in sake rantsewa. Na sake.

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wayyo. Da ma ku ne."

Sannan ta miƙo mini wayar ta ce ita ba ta jin yarensu, kuma ba ita za ta ɗauki wannan ba. "Kai za ka gaya mata. Yanzu, a gabana."

Na kira. Mutumin ya ɗauka, na gaya masa, ya yi salati. Ya ce in ba shi minti goma. Da ya sake kira, Maryam ce a kan layi. Muryarta ƙarama ce. Tana jin Turanci kaɗan, tana yi tana tsayawa neman kalma. Ya riga ya gaya mata rasuwar. Tambaya ɗaya ta yi mini: me ya sa babanta ya ƙi magana da ita? Laifin me ta yi masa?

Na ce ba ta yi komai ba. Na gaya mata ya yi mata fenti a ɗaki. Na gaya mata ya kwana a filin jirgi da sunanta a kwali. Ta ce ba ta gane ba, wa ya ce masa za ta zo?

Na ce ni ne. Ni da abokaina. Wasa muke yi.

Ta sa na maimaita, a zatonta Turancin ne ya kuɓuce mata. Na maimaita a hankali.

Sai layin ya yanke.

Yaya Hajara ta karɓi wayarta ta ce in tashi in bar musu gida. Na tashi.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu ya zo gare ka. Ka san abin da aka yi masa, ka san wanda ya yi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka ba shi a can abin da muka hana shi a nan. Ka haɗa shi da 'yarsa a inda ba mai shiga tsakaninsu. Ka ba Yaya Hajara da Maryam haƙurin da ba ni da bakin ba su.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kar ku rubuto mini cewa kowa yana kuskure. Ba ni na rasu ba. In kun idar da sallar magariba yau, ku ɗaga hannu ku ambaci sunansa, Hamisu, ku roƙa masa rahama. Ku sa da yarinyar, ita kaɗai ce a can da wannan labari.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu. Amin.